Alexei Zhitnik da Ƙaurar Masu Tsaron Bayan Yukiren a Wasan Hokin Ƙanƙara

Tarihin wasan hokin ƙanƙara a ƙasar Yukiren, tun daga shekarun ƙarshe na Tarayyar Sobiyet, yana ɗauke da wani al'amari da ya cancanci a tsaya a kansa, wato yadda ƙasar ta riƙa fitar da masu tsaron baya waɗanda suka kai ƙololuwar sana'arsu, amma mafi shahara a cikinsu ba su taɓa sa rigar tawagarta ba. Alexei Zhitnik, haifaffen birnin Kiyef, ya buga wasanni 1,085 a gasar NHL ta Amurka da Kanada, wadda babu gasar ƙwararru da ta kai ta ƙarfi a duniya. Oleg Tverdovsky, haifaffen Donetsk, ya ɗaga Kofin Stanley, babban kofin wannan gasa, har sau biyu. Anton Babchuk, shi ma ɗan Kiyef, yana cikin ƙungiyar Carolina da ta ci kofin a 2006. Dukansu ukun kuwa tutar Rasha suka wakilta, biyun farko a babbar tawaga, na ukun a tawagar matasa. Bayanin da ya fi saurin zuwa baki shi ne na kwaɗayin kuɗi ko raunin kishin ƙasa, sai dai bai isa ya warware matsalar ba, domin ya yi watsi da yanayin aikin mai tsaron baya, da tsarin da Tarayyar Sobiyet ta ɗora wasan a kai, da kuma hukuncin da hukumar wasan ta duniya ta yanke a 1992 game da matsayin sababbin ƙasashe. Idan aka bi waɗannan abubuwa a tsanake, za a ga cewa ɗan wasa yakan bi tutar ƙasar da ta ƙarasa renonsa, kuma Yukiren ta rasa ikon ƙarasa reno tun kafin ta rasa 'yan wasan.

Hokin ƙanƙara wasa ne da ake yi a kan daskararren ruwa da aka kewaye da gajeriyar katanga, 'yan wasa na sanye da takalma masu siririn ƙarfe a ƙasa wanda suke sulɓi a kansa, kowanne riƙe da sanda mai lanƙwasasshen kai da yake kora wani ɗan faifan baƙar roba da ita, faifan da nauyinsa bai wuce giram 170 ba. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili, mai tsaron raga ɗaya, masu tsaron baya biyu da 'yan gaba uku, ana kuma buga zango uku na minti 20 kowanne. Saboda tsananin gudu, da wuya a bar ɗan wasa ya wuce kimanin minti ɗaya a fili ba a canza shi ba, don haka ƙungiya takan zo wasa da 'yan gaba 12 da masu tsaron baya shida, wanda hakan ke nufin gurabun masu tsaron baya rabin na 'yan gaba ne, nauyin da ke kan kowannensu kuma ya fi yawa, tunda gwani a cikinsu yakan kwashe minti 25 a wasa guda.

Aikin nasa ya sha bamban da na takwaransa na ƙwallon ƙafa ta wata fuska da mai kallo bai cika lura da ita ba, domin mafi yawan tsaron da yake yi, da baya-baya yake yin sa. Idan ɗan gaban abokan karawa ya ɗauko faifan a guje, mai tsaron baya yakan juyo ya fuskance shi yana sulɓi da baya cikin saurin da ya yi daidai da na mai tahowa, idonsa a kan ƙirjin mutumin maimakon faifan, sandarsa a miƙe a hannu guda, yana auna tazarar da ke tsakaninsu, domin in ya matso da wuri za a zille masa, in kuwa ya ja da baya fiye da kima ya buɗe ƙofar harbi ke nan. Shi ne kuma ake sa ran zai sa jikinsa ya tare faifan da aka harbo da gudun da yakan zarce kilomita 150 a sa'a, ya ƙwato shi a lungun katanga ana danna shi ta baya, sannan ya miƙa turawar farko wadda ke juya tsaro ya koma hari. Wannan auna tazara ba ta samuwa sai da yawan karawa da 'yan gaban da suka fi mutum sauri, kaka bayan kaka, shi ya sa masu horarwa suka daɗe da yarda cewa mai tsaron baya ya fi ɗan gaba jinkirin ƙosawa. Yaro mai baiwar zura faifai a raga zai iya haskakawa ko a gasa mai rauni, amma mai tsaron baya sai da tsani mai cikakkun matakai, daga makarantar yara zuwa ƙungiyar matasa zuwa babbar ƙungiya mai karawa da manya, kuma da zarar mataki ɗaya ya karye, ba shi da zaɓi illa ya nemi sauran a wata ƙasa.

A zamanin Sobiyet wannan tsani yana nan a Kiyef, ko da yake kansa a Mosko ya jingina. An kafa ƙungiyar birnin a 1963 da sunan Dynamo, aka sauya mata suna zuwa Sokil a 1973, ta kafu a babbar gasar Sobiyet daga 1978, sannan a 1985, a hannun mai horarwa Anatoli Bogdanov, ta zo ta uku a gasar baki ɗaya. Girman wannan nasara yana fitowa fili idan aka tuna cewa CSKA ta Mosko, ƙungiyar rundunar soja, ta lashe gasar sau 13 a jere daga 1977 zuwa 1989, tana da damar janyo matasan wasu ƙungiyoyi ta hanyar aikin soja na dole, kuma mai horar da ita, Viktor Tikhonov, shi ne dai mai horar da tawagar ƙasa. A cikin wannan yanayi Sokil ta fitar da Valeri Shyryaev, mai tsaron baya da ya ci gasar duniya da tawagar Sobiyet a 1989, da Alexander Godynyuk, wanda aka zaɓa gwarzon mai tsaron baya a gasar matasa ta duniya a 1990, da ɗan gaba Dmitri Khristich, da Zhitnik kansa. Sirrin ƙarfinsu shi ne matashi a Kiyef yakan kara da fitattun 'yan gaban Mosko sau da dama a kowace kaka, ya sha wuya a hannunsu har ya goge. Raunin tsarin kuwa, wanda bai bayyana ba sai bayan 1991, shi ne jamhuriya mai mutane kusan miliyan 50 ta rataya wasan gaba ɗaya a wuyan ƙungiya guda mai ɗorewa a babbar gasa, ƙarfin wannan ƙungiya kuma aro ne daga gasar da ba mallakin Yukiren ba ce.

An haifi Zhitnik a ranar 10 ga Oktoba, 1972, ya shiga babbar ƙungiyar Sokil tun bai cika shekara 18 ba, a 1991 kuma ya bi hanyar da gwanaye suka saba bi zuwa CSKA. A wannan shekara ce ƙungiyar Los Angeles Kings ta ɗauke shi a matsayi na 81 a zaɓen sababbin 'yan wasa, tsarin da ƙungiyoyin NHL ke bi kowace shekara wajen raba haƙƙin ɗaukar matasa a tsakaninsu bi da bi. Abubuwa sun riƙa zuwa masa da sauri fiye da yadda siyasar yankin ke daidaita: a watan Janairun 1992 ya ci gasar matasa ta duniya da tawagar da ta fara gasar da sunan Tarayyar Sobiyet ta ƙare ta da sunan ƙungiyar ƙasashen da suka gaje ta, a watan Fabrairu kuma, yana da shekara 19, ya ci lambar zinare ta Olamfik a Albertville ta Faransa da haɗaɗɗiyar tawagar da Tikhonov ya jagoranta. A kakarsa ta farko a Los Angeles, tare da fitaccen ɗan wasa Wayne Gretzky, ya tara maki 48, jimillar faifan da ya zura da wanda ya taimaka aka zura, ƙungiyar kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Stanley a 1993 kafin Montreal ta doke ta. A watan Fabrairun 1995 aka musanya shi zuwa Buffalo Sabres a cinikin da ya kai mai tsaron raga Grant Fuhr Los Angeles, a Buffalo ɗin kuma ya yi shekarunsa mafi albarka, ya sake kai wa wasan ƙarshe a 1999 inda Dallas ta yi nasara, aka gayyace shi wasan taurarin gasar a 1999 da 2002. Daga nan ya ratsa ta New York Islanders da Philadelphia da Atlanta, ya zama mai tsaron baya na farko daga cikin haifaffun Tarayyar Sobiyet da ya cika wasanni 1,000 a NHL a 2007, sannan ya ƙarasa sana'arsa a Dynamo ta Mosko a 2010.

Abin da ya raba wannan doguwar sana'a da tawagar Yukiren ya samo asali ne daga yadda aka raba gadon Sobiyet. A watan Mayun 1992 hukumar hokin ƙanƙara ta duniya, IIHF, ta karɓi Yukiren a matsayin mamba, amma gasar duniya a lokacin rukuni uku ce bisa ƙarfi, A da B da C, kuma Rasha ce kaɗai ta gaji kujerar Sobiyet a rukunin A, sauran sababbin ƙasashe aka tura su ƙasan tsani su faro daga C, inda ƙasa ɗaya tak ke hawa a kowace shekara. Sakamakon haka shi ne cunkoson ƙasashe masu ƙarfi a ƙofa guda: Latbiya ta wuce a 1993 bayan ta doke Yukiren a wasan ƙarshe, Silobakiya a 1994, Belarus a 1995, Kazakistan a 1996, Yukiren ba ta samu wucewa ba sai a 1997, sannan ta lashe rukunin B a 1998 ta shiga sahun manya a 1999. Shekaru shida ke nan a ƙananan rukunai, waɗanda ake buga wasanninsu a watannin Maris da Afrilu, lokacin da gasar NHL ke tsaka da gudana kuma babu ƙungiyar da za ta saki mai tsaron bayanta na farko. A ɗaya ɓangaren kuwa Rasha tana da gurbi a Kofin Duniya na 1996 da gasar Olamfik ta Nagano a 1998, wadda ita ce ta farko da NHL ta dakatar da wasanninta don 'yan wasanta su halarta, a can ne kuma Zhitnik ya ci lambar azurfa bayan Jamhuriyar Cek ta doke Rasha da ci ɗaya mai ban haushi.

Ba daidai ba ne a ce ɗan wasa ba shi da ta cewa a irin wannan hali, kuma misalin tsararrakin Zhitnik biyu ya nuna haka. Sandis Ozolinsh na Latbiya, mai tsaron baya da aka haifa a shekara ɗaya da shi, wanda suka ci gasar matasa ta 1992 tare, ya jira har ƙasarsa ta hau rukunin manya sannan ya sa rigarta a 1998, ya kuma riƙe mata tuta a bikin buɗe Olamfik ta 2014. Darius Kasparaitis na Lituweniya kuwa ya bi Rasha kamar Zhitnik, bai buga wa ƙasar haihuwarsa ba sai a 2018 yana da shekara 45. Zaɓi yana nan, kuma masoya wasan a Kiyef suna da hujjar jin zafin abin da suka rasa. Sai dai adalci yana buƙatar a auna abin da aka ɗora a kan sikeli: saurayi ɗan shekara 20 da ya riga ya rataya zinaren Olamfik, abokan wasansa da mai horar da shi duk suna tawagar Rasha, ana neman ya bar wannan domin gasar da aikinsa ba zai ma bar shi ya halarta ba. Laifi mafi nauyi yana kan tsarin da ya mayar da wakiltar ƙasar haihuwa ta zama sadaukar da shekarun ƙuruciya, waɗanda ba sa dawowa a sana'ar da ba ta cika wuce shekara 15 ba.

Ƙaura ta biyu ta fi ta farko illa, domin yara ta kwashe. Tverdovsky, wanda aka haifa a 1976, ya bar Donetsk yana ɗan saurayi zuwa ƙungiyar Krylya Sovetov ta Mosko, daga can ne Anaheim ta ɗauke shi a matsayi na biyu a zaɓen 1994, ya ci Kofin Stanley da New Jersey a 2003 da Carolina a 2006, ya kuma ci gasar duniya da Rasha a 2009. Babchuk, haifaffen 1984, ya fara a makarantar Sokil, amma shi da ɗan gaba Nikolai Zherdev suka koma garin Elektrostal na kusa da Mosko tun suna yara, Chicago ta ɗauki Babchuk a matsayi na 21 a 2002, Columbus ta ɗauki Zherdev a na huɗu a 2003, dukansu a matsayin 'yan Rasha. A nan ne ƙa'idar cancanta ta IIHF ta zama makulli: yaron da ya sami takardar zama ɗan wata ƙasa, ya kuma buga kaka biyu a jere a gasarta bayan ya cika shekara goma, ya cancanci wakiltarta, da zarar kuwa ya buga mata wasa guda a gasar hukumar, ko da ta 'yan ƙasa da shekara 18 ce, ba zai iya sauyawa ba sai sau ɗaya a rayuwa, shi ma bayan ya yi shekara huɗu a jere yana wasa a gasar ƙasar da yake son komawa. Ga ƙwararren da ke cin abinci a NHL ko a Rasha, shekara huɗu a gasar cikin gida ta Yukiren daidai yake da ajiye sana'a, don haka shawarar da iyaye suka yanke wa yaro ɗan shekara 14 saboda neman filin atisaye mai kyau ta zama hukuncin da ya ɗaure shi har ƙarshen wasansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wanda ya tanƙwara shi ne ke cin moriyarsa.

Duk da haka, waɗanda suka tsaya wa tawagar sun yi abin a yaba. Shyryaev, wanda ya koma wasa a Suwizalan, ya dawo yana sa rigar Yukiren har yana da shekara 38. Godynyuk, bayan wasanni fiye da 200 a NHL da Toronto da Calgary da Florida da Hartford, ya buga wa ƙasarsa a gasar duniya ta 1999, daga baya kuma ya horar da Sokil da tawagar ƙasa. Serhiy Klymentiev, wanda Buffalo ta ɗauka a 1994 amma bai wuce ƙaramar ƙungiyarta ta Rochester ba, ya zama ƙashin bayan tsaron tawagar na tsawon shekaru yana wasa a gasar Rasha. Da irin waɗannan ne Bogdanov ya kai Yukiren gasar Olamfik ta Salt Lake City a 2002, inda ta doke Suwizalan da Faransa, amma shan kashi da ci ɗaya da nema a hannun Belarus ya hana ta wucewa zagaye na gaba, ta ƙare a matsayi na goma, yayin da Belarus ɗin ta je ta fitar da Suwidin ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A wannan gasa ce Tverdovsky ya karɓi lambar tagulla da Rasha, kuma da wuya mai nazari ya kalli wasan da aka rasa da tazarar faifai guda bai tambayi abin da zai faru da a ce shi da Zhitnik suna layin baya ba. Watanni kaɗan bayan haka tawagar ta zo ta tara a gasar duniya, matsayin da ba ta taɓa wucewa ba.

Waɗannan nasarori sun ɓoye wata gaskiya mai ɗaci, wato kusan duk jigogin tawagar yaran makarantar Sobiyet ne, kuma ba a renon masu maye gurbinsu. Bayan rushewar babbar gasar da ta goge su, Sokil ta riƙa yawon neman abokan karawa, ta shiga gasar Gabashin Turai da ƙungiyoyin Belarus da Latbiya, wadda ta lashe a 1998 da 1999, daga baya ta shiga gasar Belarus, sannan gasar Rasha mai daraja ta biyu, tana fama da ƙarancin kuɗi a kowane zango. Wani ƙarin cikas ya zo daga ƙa'idar taƙaita baƙi a gasar Rasha, inda a gasar KHL da aka kafa a 2008 aka ƙayyade wa ƙungiyoyin Rasha baƙi biyar, ƙungiya kuwa ta fi son kashe waɗannan gurabu a kan mai zura faifai ko mai tsaron raga, ta yadda matsakaicin mai tsaron baya ɗan Yukiren ya ga cewa amsa kiran ƙasarsa na iya mayar da shi baƙo ya raba shi da aikinsa. Da tsofaffin suka fara ajiye sanda, sai rufin ya rufta: a gasar duniya ta 2007 a Mosko aka sauke Yukiren tare da Ostiriya bayan shekara tara a sahun manya, a 2012 kuma ta ƙara gangarawa zuwa mataki na uku.

Kwatanci da Latbiya yana kore zargin cewa ƙarancin jama'a ko baiwa ne tushen matsalar, domin ƙasa ce da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba, ta faro daga rukunin C rana ɗaya da Yukiren, amma tun da ta hau sahun manya a 1997 ba ta sauka ba, ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Riga a 2006, ta kuma ci lambar tagulla a 2023. Bambancin yana cikin filayen ƙanƙara masu rufi da ta baza a garuruwanta, domin filin hoki yana cin kuɗi ko ana wasa ko ba a yi, tunda injinan sanyaya shi ba sa hutawa dare da rana, kuma yaron da bai sami sa'o'i masu yawa a kan ƙanƙara ba tun yana ƙarami ba zai iya sulɓi da baya yadda aikin tsaro ke buƙata ba. A Kiyef kuwa babban zauren wasanni da aka buɗe a 1960 ya ci gaba da zama dandalin manyan wasannin hoki, yana raba kwanakinsa da bukukuwan kiɗa da baje koli, shirin gwamnati na 2007 na gina gomman filaye a faɗin ƙasar kuma kaɗan daga cikinsu ya iya kammalawa.

Yunƙuri mafi girma na gyara ya fito ne daga Donetsk, inda attajiri kuma ɗan siyasa Borys Kolesnikov ya karɓi ƙungiyar Donbass a 2010, ya shigar da ita KHL a 2012, ta ci Kofin Nahiya na IIHF a 2013, ta kuma kai zagaye na biyu na wasannin fitar da gwani a 2014. A karon farko tun 1996 aka sami ƙungiya a ƙasar da ke karawa da manya kowane mako, har Babchuk ya zo ya buga mata a lokacin da rikicin albashi ya tsayar da NHL a 2012. Amma ginin ya maimaita kuskuren Sokil, ƙungiya guda, aljihu guda, cikin gasar da ragamarta ke Mosko, kuma a ƙarshen watan Mayun 2014, da rikici ya ɓarke a gabashin ƙasar, wasu 'yan bindiga suka wawashe filinta na Druzhba suka cinna masa wuta, ƙungiyar ta fice daga KHL, a shekarar kuma Sokil ta durƙushe ba ta farfaɗo ba sai a 2020. Kamar hakan bai isa ba, a ƙarshen 2021 saɓani tsakanin hukumar wasan ta ƙasa da wasu ƙungiyoyi ya raba 'yar ƙaramar gasar cikin gida gida biyu.

Mamayar da Rasha ta ƙaddamar a watan Fabrairun 2022 ta ƙarasa abin da ya rage na filayen gabas, aka lalata zauren ƙanƙara na Severodonetsk a 2022, makami mai linzami kuma ya rusa filin Altair na Druzhkivka, inda Donbass ta koma da zama, a watan Janairun 2023. Sai dai yaƙin ya kuma toshe hanyar Mosko da ta shekara 30 tana kwashe yara, IIHF ta dakatar da Rasha da Belarus daga gasanninta a ƙarshen Fabrairun 2022, ƙaurar kuma ta juya yamma. Alamun wannan juyi sun fara tun kafin yaƙin, domin Ihor Merezhko na Kharkiv ya yi wasan matasa a ƙungiyar Lethbridge ta Kanada ya dawo ya zama jigon tsaron tawagar ƙasarsa, Artur Cholach kuma ƙungiyar Vegas ta ɗauke shi daga Sokil a zaɓen 2021 a matsayin ɗan Yukiren. Ƙasashe irin su Kanada da Jamhuriyar Cek suna da masu tsaron baya fiye da buƙatarsu, ba sa kuma saurin ba da takardar zama ɗan ƙasa, don haka suna ƙarasa renon ba tare da sun karɓe tutar ba, kuma da irin waɗannan 'yan wasa ne tawagar, ƙarƙashin Khristich, ta lashe gasar mataki na uku a Vilnius a 2024, ta kuma zo ta uku a mataki na biyu a Romaniya a 2025.

Wannan sauƙi bai shafi ƙananan yara ba. A watan Fabrairun 2023 aka tattaro wata tawagar 'yan shekara 11 da 12 daga ƙasashen Turai daban-daban da iyalansu suka yi gudun hijira, aka haɗa su atisaye a Romaniya, suka je gasar yara ta birnin Quebec, inda 'yan kallo kusan 18,000 suka cika zaure sanye da fararen kaya domin tarbarsu. Dukansu sun haura shekara goman da ƙa'idar IIHF ke fara lissafi daga kanta, da yawa daga cikin tsararrakinsu kuma suna buga kaka bayan kaka a gasannin ƙasashen da suka ba su mafaka, ta yadda duk wanda zamansa ya yi tsawo har ya sami takardar zama ɗan ƙasa zai cika sharaɗin wakiltar wata tuta tun kafin ya kai shekarun da mai tsaron baya ke fara nuna ko wane ne shi.